Doki Ba Ya Cin Tarihi: Labarin Masu Riƙon Turke A Lafiya

Duk wanda ya taɓa yin Salla a Lafiyan Barebari, hedkwatar Jihar Nasarawa, ya san ba a cewa Salla ta cika sai an ga hawa. Da an sauko daga Idi sai kiɗa da algaita su ɗauka, hakimai da masu sarauta su fito bisa dawaki cikin rawuna da alkyabbu, zagage na gaba, 'yan kallo sun cika hanya har ƙofar fada. Amma fa hawan nan na 'yan kwanaki ne kawai cikin shekara. Sauran kwana 350 da ɗoriya dokin yana nan ɗaure a turke, kuma kullum sai ya ci, sai ya sha, sai an share masa barga. To, abin da ke damun masu dawaki a yau shi ne, wa zai ci gaba da ɗaukar wannan nauyi, kuma da wane kuɗi?

Yadda Doki Ya Zauna A Lafiya

Barebari ne suka kafa Lafiya wajen ƙarshen ƙarni na 18, a ƙarƙashin shugabansu Muhammadu Dunama. Mutanen Barno kuwa an san su da doki tun fil azal, saboda haka da dokinsu suka zo, suka zauna tsakanin Koro da Alago da Gwandara da Eggon da sauran ƙabilun yankin. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, har aka buɗe hanyar fatake zuwa Loko a bakin kogi.

Sai dai riƙon doki a nan ya fi na Kano ko Katsina wuya. Dalili kuwa, ƙasar Lafiya tana dab da iyakar inda doki ke iya rayuwa cikin sauƙi. Kurmin da ke bin rafuka zuwa Binuwai gidan ƙudan tsando ne, wanda cizonsa ke kawo ciwon sammore, ya rame doki har ya kashe shi. Saboda haka tun da can doki abu ne mai tsada a wannan yanki, dukiyar sarakuna da attajirai, kuma duk dokin da ya daɗe a turke shaida ce cewa akwai gwanin da ke tsaye a kansa.

Fadar Lafiya ta riƙe wannan gado. Marigayi Sarki Isa Mustafa Agwai ya yi mulki daga 1974 har rasuwarsa a watan Janairu na 2019, wato a idonsa Lafiya ta tashi daga garin da ke ƙarƙashin Jihar Filato ta zama hedkwatar sabuwar jiha ran 1 ga Oktoba, 1996. Bayansa aka naɗa Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya bar kujerar alƙalanci a Kotun Ƙoli ta Ƙasa ya hau gadon kakanninsa.

Masu Wahalar Doki

Mai kallo yakan ga mahayi ne, ba ya ganin mutanen da ke bayansa. Akwai yaron doki, wanda ke tashi tun asuba ya kwashe kashi, ya yanko ciyawa, ya jiƙa dusa da kanwa, ya wanke doki ya tsefe masa geza, da yamma kuma ya fita da shi kilisa don kada ƙafa ta sandare. Akwai baduku mai ɗinkin ragama da majayi da kayan ado na fata. Akwai maƙeri mai linzami da likkafa da ƙaimi, da masassaƙi mai ƙirar sirdi, da maɗinki mai jalala. Akwai kuma dattijon da ke duban haƙori ya faɗi shekarun doki, ya bambanta akawal da kili da danda da bidi, ya san wanda zai yi sukuwa da wanda sai dai ado.

Dukan waɗannan mutane a kan turke ɗaya suke ci. In mai doki ya gaza ya sayar, ba shi kaɗai ya yi hasara ba.

Gazawar kuwa tana da dalilai. Doki yana cin abin da ɗan Adam ke ci, wato dawa da gero da masara, saboda haka duk lokacin da hatsi ya yi tsada a kasuwa sai maigida ya tsaya yana auna tsakanin tukunyar iyali da akushin doki. A lokacin zafi babban doki yakan sha ruwa lita 30 ko fiye a yini. Harawa da ingirici sai an saya an ɓoye tun kaka. Bugu da ƙari, tun da Lafiya ta zama hedkwata gine-gine suka yi ta cin filayen bayan gari inda a da ake yankan ciyawa kyauta. Rikicin manoma da makiyaya ma ya ƙara matse ƙasa, musamman bayan da dokar hana kiwon sake ta Jihar Binuwai ta fara aiki a watan Nuwamba na 2017, makiyaya da yawa suka ƙetaro da shanunsu wajajen Awe da Keana da Doma. Saurayin da ubansa ya tsufa a barga kuwa, in ya duba ya ga babur na kawo kuɗi kullum, ba kowa ne zai zaɓi tsintsiya da lauje ba.

Abin Da Ya Faru Da Kaboyi

Wannan matsala ba a Lafiya aka fara ganinta ba. Mai karatu da ya yi zamanin silima ba zai manta da fim ɗin kaboyi ba, mutanen nan masu faffaɗar malafa da igiya, masu kora shanu bisa dawaki a yammacin Amurka. Abin da fim bai cika nunawa ba shi ne, zamanin nasu bai daɗe ba. An fito da waya mai ƙaya a 1874, manoma suka shinge daji, jirgin ƙasa ya maye gurbin doguwar tafiyar kora shanu. Sannan sanyin hunturun 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu ba iyaka.

Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wasu 'yan'uwa uku, Howard da Willis da Alden Eaton, mutanen Pittsburgh, waɗanda suka kafa gandun kiwo a yankin Dakota. Abokansu na birni sun riƙa zuwa suna sauka wurinsu makonni, ana ba su abinci da makwanci da doki, ba a karɓar ko anini, domin karɓar kuɗin baƙo abin kunya ne a wurinsu. A 1882 wani baƙo mai suna Bert Rumsey ya nace sai ya biya, don ya sami damar daɗewa ba tare da jin nauyi ba. Da hunturu ya cinye akasarin shanunsu, kuɗin baƙi ne ya tsayar da gidan. A 1904 suka koma Wolf a Jihar Wayomin, kuma har yau zuriyarsu ce ke riƙe da gandun.

Wasu suka bi sahu, har a 1926 masu irin wannan gandu suka taru a garin Bozeman na Jihar Montana, tare da goyon bayan kamfanin reluwe na Northern Pacific, suka kafa ƙungiyarsu. Tsarin da suka tsaya a kai mai sauƙi ne. Baƙo ba mai wucewa ba ne, yakan yi kwanaki, sau da yawa mako guda. Kuɗin da ya biya ya haɗa da ɗaki da abinci da doki. Ana zaɓa masa dokin da ya dace da iyawarsa, ya ci abinci tare da masu gida, ya fita daji tare da masu kiwo. Ta haka mai ɗinkin sirdi da mai gyaran kofato da mai horar da duƙushi suka ci gaba da samun aiki, shekaru 100 bayan da aka ce zamaninsu ya wuce. Gaskiya ne wasu na sukar abin, suna cewa ya zama wasan kwaikwayo don masu kuɗi. Amma dokin yana raye, filin bai zama rukunin gidaje ba, sana'ar kuma ta sami magada.

Irinsa A Nijeriya

A ƙasar nan ma an taɓa gwada haɗa kiwo da saukar baƙi. Wanda mazauna Kudu suka fi sani shi ne gandun shanu na Obudu a Jihar Kuros Riba, wanda wani Bature ɗan Sikotilan ya kafa a 1951 bisa tsauni mai tsawon fiye da mita 1,500, inda sanyi ya hana tsando zama. A zamanin Gwamna Donald Duke, daga 1999 zuwa 2007, an mai da shi babban wurin shaƙatawa, har da keken da ke hawa tsauni a kan igiyar ƙarfe. Bayan nan wurin ya sha fama da rashin kulawa, abin da yakan sami duk harkar da ke jiran kasafin gwamnati.

A Arewa kuwa ƙwallon doki ne ya buɗe wannan hanya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya kafa wasan a garinsa a shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a cikinsa ƙwarai. A farkon shekarun 2000 Alhaji Adamu Atta da abokansa suka kafa Fifth Chukker a Kangimi, kan hanyar Kaduna zuwa Jos, mai filayen wasa da barga da masaukin baƙi. A cikin Jihar Nasarawa kanta akwai gandun ƙwallon doki na Keffi, wanda Ahmed Aliyu Wadada ya kafa, shi ne wanda aka zaɓa Sanata na Nasarawa ta Yamma a 2023. Gasar da ake yi a can takan jawo mahaya da 'yan kallo daga Abuja, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita 50 ko sama da haka kaɗan ba.

Sai dai ƙwallon doki wasan masu hali ne, kuma manyan 'yan wasa sun fi son dawakin da ake shigowa da su daga Ajantina. Dokin hawan Salla, da sirdinsa mai ƙaho da likkafarsa mai faɗi, bai cika samun rabo a nan ba. Shi ma duniya ta san darajarsa: an yi babban hawan daba a Kaduna a 1956 don Sarauniyar Ingila, an sake yi a 1977 lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya, a watan Disamba na 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana. Amma takardar yabo ba ta sayen mudun dawa.

Inda Abin Ya Shafi Mazauna Kurmi

Wanda ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal ba sai an gaya masa cewa doki na kawo kuɗi ba. In ya leƙa bargar kulob ɗin ƙwallon doki na Ikoyi, wanda aka kafa tun 1904, zai ji ana Hausa. In ya je bakin teku ranar Lahadi zai tarar da samarin Arewa riƙe da ragama, suna ɗora yara da 'yan mata a zagaya da su a biya. In kuma ya je Ijebu Ode kwana uku bayan Babbar Salla, zai ga yadda gidajen Balogun ke hawa a bikin Ojude Oba, kamfanoni na zuba kuɗi, hotuna na zaga duniya. Wato gwanintar tana barin gida tana tafiya inda ake biya.

Abin da ya fi tsaya wa mutanen Arewa a rai shi ne kunya. Bahaushe ya ce baƙonka Annabinka, kuma ba a saba a ce wa mai sauka ya kawo kuɗi ba. Amma ai an riga an taka wannan mataki ba tare da an lura ba. A garuruwan Arewa da dama ango yakan yi hayar dawaki don hawan angonci, samari kuma sukan haɗa kuɗi su hau kilisa da yamma. Da wannan ɗan abin ne ƙananan masu turke da yawa ke ciyar da dabbobinsu daga Salla zuwa Salla. Abin da ya rage shi ne tsari: fili amintacce a bayan gari, 'yan ɗakuna masu tsabta, abincin gida, likitan dabbobi da ke zuwa a kan kari, da rumfar da baduku da maƙeri za su zauna suna aiki baƙo na gani yana saya.

Lafiya tana da abubuwan da za su taimaka. Tana kan babbar hanyar da ta haɗa Abuja da Makurdi ta Keffi da Akwanga. Tana da Jami'ar Tarayya da kwalejin aikin gona, inda ake da masana dabbobi. Ƙasa ce ta doya da riɗi da dawa da shinkafa, saboda haka dusa da harawa ba sai an yi nisa ba. Baƙon da ya yi kwana uku kuma yana iya ganin yadda mata ke dafa gishiri a Keana da Awe, ko ya tafi Wamba ya ga faɗuwar Farin Ruwa.

Akwai kuma sharuɗɗan da ba a tsallake su. Na farko tsaro, domin ba wanda zai kai iyalinsa dajin da ba ya iya kwana da ido biyu rufe. Na biyu tausayin dabba, domin dokin haya da ake sukuwa da shi a kan kwalta tun safe har dare, da miki a gadon baya, ba zai kai shekara 25 ɗin da doki kan iya yi ba. Na uku haƙƙin yaron doki, wanda in ba a biya shi abin da zai riƙe iyali ba, to gobe yana tashar mota zai tafi Kurmi.

Baƙin farko kuwa ba daga Turai za su zo ba. Su ne 'ya'yan da aka haifa a Agege da Idi Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anacha, waɗanda iyayensu ke kai su gida hutun Salla, da yawansu ba su taɓa sa ƙafa a likkafa ba. Uban da ya biya aka koya wa ɗansa ɗaura sirdi da riƙon linzami na mako guda, ya ciyar da doki, ya ba baduku ciniki, ya kuma mayar da yaro Kurmi da abin da zai riƙa tuna garinsu da shi.