Idan Haihuwa Ta Yi Jinkiri, A Duba Maigida Ma

Daga Birnin Yauri zuwa Shanga, idan aure ya shekara uku ba goyo, matar ce ke shan gori wurin dangin miji. Ko a cikin ikkilisiya mun sha ganin haka. Amma likitoci sun tabbatar cewa cikin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, wajen rabinsu matsalar ta shafi mijin. Bari mu duba yadda Allah ya shirya irin namiji.

A cikin maniyyi akwai ƙwayoyin haihuwa miliyoyi, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace tana da kai da wutsiya, sai ta yi iyo mai nisa kafin ta iske ƙwan mace. A fatar ƙwayar akwai waɗansu ƙananan famfuna. Aikinsu kamar na masunci ne da ke kwarfe ruwa daga jirginsa. Kowane juyi famfon yakan fitar da sodiyam 3, wato sinadarin gishirin miya, ya shigo da potasiyam 2. Da haka sodiyam ke taruwa a waje, kamar ruwa a bayan madatsar Kainji wadda aka gama a 1968. Wannan bambanci na ciki da waje shi ke riƙe lantarkin ƙwayar daidai, har wutsiyar ta iya kaɗawa da ƙarfi.

Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jens Skou, shi ya gano famfon nan a 1957, aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Daga baya aka gane ƙwayar namiji tana da nata irin famfon na musamman. A 2011, a Jami'ar Kansas ta Amurka, an nuna cewa ɓeraye maza da ba su da shi suna barbara lafiya lau, amma ba sa haihuwa, gama ƙwayoyinsu ba su iya iyo sosai. Haka mutum ma, yana iya zama ƙaƙƙarfa, yana kwana da iyalinsa ba matsala, amma irinsa ya raunana. Wannan ciwo ne, ba abin kunya ba ne.

Akwai cututtukan da ke ɓata iri a ƙasarmu. Tsargiya tana kama masu shiga ruwan tafki, ƙwan tsutsarta kuwa yana iya kaiwa mazaunin maniyyi. Maganinta, praziquantel, yana nan a asibiti. Ciwon sanyi da ba a yi masa magani ba yakan toshe hanya. Hangum bayan balaga, zazzaɓi mai zafi, taba da giya, duk suna rage iri. Sabon iri yakan ɗauki wajen wata biyu da rabi kafin ya nuna, saboda haka bayan magani sai a yi haƙuri.

'Yan'uwa maza, idan an shekara guda ba ciki, ku tafi asibiti tare da matanku. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha. Ku tuna da Elkana, wanda ya ƙaunaci Hannatu tun ba ta haifi Sama'ila ba. Iyaye da surukai kuma, mu daina gori, mu riƙa yi wa gidajen nan addu'a.