Sanya wa Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu Manyan Tayoyi a Karkarar Arewacin Kano

Mota mai jan ƙafa huɗu ita ce wadda injinta ke iya tura ƙarfi zuwa tayoyinta huɗu baki ɗaya, saɓanin yawancin ƙananan motoci da tayoyi biyu kaɗai ke ja. Irinta da aka fi gani a ƙasar Kano su ne Toyota Hilux da Land Cruiser, sai tsofaffin Land Rover da suka yi saura a hannun masu haƙuri da gyara. A mafi yawansu akwai zaɓi uku: 2H na tafiyar kwalta, 4H na yashi da santsi, da 4L na wuri mai tsanani inda ake son ƙarfi ba gudu ba, wanda direbobi ke kira ogzilari. Masu irin wannan mota sukan cire tayoyin da kamfani ya sa mata su ɗaura waɗanda suka fi su girma, don cikinta ya daina taɓa ƙasa, ta kuma rage kafewa.

Ko canjin zai biya buƙata, hanya ce ke faɗa. A Dambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa, Bici da Minjibir gona tana jingine da gona, ƙauye yana hango ƙauye, kusan babu fili da aka bari fako. Wannan cunkoson noma ne ya ja hankalin masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960. Da zarar an sauka daga titin Kano zuwa Katsina, ko wanda ya bi ta Dambatta da Kazaure zuwa Daura, abin da ake tararwa shi ne hanyar marmara, sannan burtali da 'yar siririyar hanya mai shingen aguwa dama da hagu. Da rani matsalar yashi ce, mai laushi da zurfi, musamman a gindin rafin da ya ƙafe. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa yana yanka hanya ya bar kwazazzabo, amalanken shanu da manyan motoci su haƙa layi biyu su bar tudu a tsakiya, fadamun da ke kusa da madatsun ruwa irin su Thomas da Watari kuwa su koma laka mai danƙo. Babu duwatsun hawa irin waɗanda ake gani a hotunan tallan taya na Amurka da Ostareliya, don haka ba duk gyaran da ya dace da can ne ya dace da nan ba.

Girman taya a rubuce yake a gefenta. Hilux na zamani da yawa suna zuwa da 265/65 R17. Lambar farko faɗin tayar ce, milimita 265. Ta biyu tana nuna tsayin gefen tayar, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, kimanin milimita 172. Ta ƙarshe girman rim ne, inci 17, wanda ya yi kusan milimita 432. Idan aka haɗa rim da gefe biyu, na sama da na ƙasa, tsayin tayar duka ya kama milimita 776. Wanda ya koma 265/70 R17 ya samu milimita 803, wanda ya haura zuwa 285/70 R17 kuma ya samu 831.

A nan lissafin yake ba mutane mamaki. Mota a kan tsakiyar taya take zaune, saboda haka rabin ƙarin tsayin ne kawai ke ɗaga ta. Tayar 265/70 tana ƙara wa mota milimita 13 daga ƙasa, abin da bai fi kaurin ɗan yatsa ba. Ta 285/70, wadda ke cika ido har a ce motar ta zama giwa, milimita 27 take ƙarawa, ƙasa da santimita uku. Duk da ƙanƙantarsa ƙarin ba na banza ba ne. A tsakiyar aksul na baya akwai wani ƙullin ƙarfe mai kama da tulu, inda haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyi suke, kuma yana cikin sassan da suka fi kusa da ƙasa. Shi ne ke dukan tudun tsakiyar hanya ya ɗaga mota har tayoyi su riƙa juyawa a banza. Duk yadda aka ɗaga jikin mota da sifirin, wannan tulun yana nan inda yake. Taya mai tsayi ce kaɗai ke nisanta shi da ƙasa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu canza taya, kuma a hanyar da tireloli da tifofi suka raraka da damina hujja ce ta gaskiya.

A yashi kuwa maganar ta fi karkata ga iska. Mota tana nutsewa ne idan nauyinta ya taru a ɗan ƙaramin wuri. Tayar da aka ɗure da iska fam 35 ko 40 tana taɓa ƙasa da wurin da bai wuce tafin hannu da yawa ba, sai ta yanka yashi kamar garma. Idan aka rage iskar zuwa wajen fam 18 ko 20, cikin tayar yana shimfiɗuwa, sawunta ya yi tsawo, nauyi ya bazu, kamar yadda tafin raƙumi ke buɗewa in ya taka. Amfanin babbar taya a nan shi ne gefenta mai tsayi yana ba da damar rage iska ba tare da rim ya kusanci ƙasa ba. Shi ya sa ɗaura rim mai inci 20 da siririn gefen taya, kamar yadda masu son ado ke yi a birni, yake mayar da hannun agogo baya: tsayin duka yana iya zama ɗaya, amma babu wurin lanƙwasawa, rami ɗaya ya isa ya lotsa rim. Rage iska ma yana da iyaka. In aka yi ƙasa da fam 15, bakin taya yana iya zamewa daga rim a kwana. Kuma dole a mayar da iskar kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi in ana gudu, a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40 kuwa fashewa ba ta yi mata wuya. Tun da mai faci ba a kowane ƙauye yake da injin iska ba, ɗan famfon da ke aiki da batirin mota da gejin awo sun fi ƙarin inci ɗaya amfani ga mai yawan shiga jigawa.

Faɗi da tsayi ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a kasuwa akan haɗa su a ce "babbar taya". Tsofaffin Land Rover da Land Cruiser na aiki sun shekara suna ratsa Sahel da 7.50 R16, taya doguwa siririya, wadda tsayinta ya yi daidai da na 235/85 R16, wajen milimita 806. A lakar da ke da ƙasa mai tauri a ƙarƙashinta, siririyar taya tana ratsawa ta kama taurin, mai faɗi kuwa ta riƙa yawo a sama tana santsi. A burtali ma siririya ta fi zama lafiya. Taya mai faɗi takan leƙo waje da madigadi, ta goga shinge, ta hau kunyar bakin gona ta tattake gero ko gyaɗa, ta kuma watsa wa masu tafiya a ƙasa da 'yan babur taɓo. A yankin da kowane taku na ƙasa yake da mai shi, direban da ya kauce wa rami ta cikin shuka ba ya rasa wanda zai kai shi gaban mai unguwa. Bayan girbi kuma tushiyar dawa da aka sare a karkace tana da kaifi, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa, kuma gefen taya ne suka fi samu, wurin da faci ba ya riƙewa.

Zanen taya iri uku ne. Mai alamar H/T ta kwalta ce, zanenta ƙanana. M/T ta laka ce, haƙoranta manya da rata mai faɗi don taɓo ya riƙa fita; tana da ƙugi a titi, ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta sosai, kuma a busasshen yashi ta fi saurin tona wa kanta rami in direba ya matsa totur. A/T tana tsakani. Ga motar da za ta bar Kano da safe ta yi kilomita sittin ko saba'in a kwalta, sannan ta yi goma sha biyar a yashi da marmara, A/T ce ta fi dacewa da mafi yawan watannin shekara.

Akwai wata lamba da ba a cika dubawa ba, alhali ta fi girman muhimmanci ga motar da ke dakon amfanin gona zuwa kasuwar Dawanau. Bayan lambar girma akan ga wata kamar 112 ko 121. Ma'aunin nauyi ce: 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, 121 kuma kilo 1,450. Taya tana iya fin ta kamfani girma amma ta gaza ta ƙarfin ɗauka. Masu alamar LT an yi su ne don ƙananan motocin kaya, jikinsu ya fi kauri, sun fi jure ƙaya da lodi, sai dai sun fi nauyi da taurin tafiya. Ƙarfin taya kuma ba ya ƙara wa motar kanta ƙarfi. Abin da aka ƙayyade wa Hilux bai wuce kimanin tan ɗaya ba har da mutanen ciki, wato buhu goma masu kilo ɗari-ɗari in aka ɗebe direba da yaran mota ma bai cika ba.

Kuɗin canjin ba a wurin mai taya yake ƙarewa ba. Tayar da ta fi ta asali tsayi da kashi 7 cikin ɗari tana rage ƙarfin da ke isa ƙasa da kusan wannan kason a kowace giya. Motar takan yi nauyin tashi, direba ya riƙa jan kuloci, mai giyar otomatik kuma ta riƙa neman giya tana zafi. Birki ma haka: tsayar da taya mai tsayi da nauyi ya fi wuya, tazarar tsayawa ta ƙaru. Boris, sandunan sitiyari da shokozoba suna cin wuya fiye da da. Shan mai yana ƙaruwa, abin da tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba wanda ke ɗauka da wasa. Akan magance raunin ja ta hanyar canza haƙoran cikin aksul na gaba da na baya, amma aiki ne mai tsada da ke son bakanike ƙwararre, kuma ba a cika yin sa ba sai tayar ta yi girma ƙwarai.

Agogon gudu ma yana daina faɗin gaskiya, domin juyin taya yake ƙirgawa, ba ƙasar da aka ci ba. Da 285/70 R17 a motar da aka saita wa 265/65 R17, gudun gaske ya fi na da da kashi 7 cikin ɗari a kowane matsayi na allura: inda da ake tafiya kilomita 100 a awa, yanzu 107 ake yi. Ma'aunin nisa kuma yana rage lissafi, har lokacin juyen baƙin mai ya wuce ba a ankara ba.

Sai batun wuri. Ƙarin mataki ɗaya, kamar daga 65 zuwa 70, galibi yana shiga ba tare da an taɓa komai ba. Fiye da haka taya takan goga cikin madigadi ko jikin shasi idan aka karya sitiyari duka, ko aka faɗa rami da kaya. Daga nan ake shiga ɗaga mota, yawanci da inci biyu, ta canza sifirin da shokozoba. Gaban Hilux na zamani kowace ƙafa da nata hannu, kuma ɗagawar da ta wuce kima tana karkatar da sandunan da ke juya ƙafafun gaba, robobinsu su yage, yashi ya shiga ya cinye su. Bayan kowace ɗagawa sai an sake alaimen, an kuma sunkuyar da fitilun gaba don kada su kashe wa masu tahowa ido. Haɗarin da ya fi waɗannan shi ne kifewa. Duk abin da ya ɗaga mota ya ɗaga cibiyar nauyinta, kuma ranar kasuwa, da buhuna a jibge da mutane zaune a kansu, kaucewar gaggawa ga akuya ko ɗan acaɓa ta ishi doguwar mota ta kwanta. Dabarar da wasu ke yi ta cusa guntun ƙarfe ko katako a ƙarƙashin sifirin, ko sa faranti mara inganci don turo ƙafa waje, tana ƙara wannan haɗarin ne kawai.

Tayoyin huɗu dole su zama girma ɗaya, zai fi kyau ma su zama iri ɗaya masu cin da ya yi kusa da juna. A yawancin waɗannan motoci, idan aka sa 4H ko 4L gaba da baya suna ɗaurewa su juya tare. In tayoyin baya sun fi na gaba tsayi, ɓangare ɗaya zai riƙa jan ɗaya, wahalar ta taru a akwatin da ke raba ƙarfi. Dalilin da ya sa ba a tafiya da 4H ko 4L a busasshiyar kwalta ke nan ko da tayoyin daidai suke. Safaya ma tana cikin lissafi, wato taya biyar za a saya ba huɗu ba, kuma sai an gwada an ga ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi, an ga jak yana iya ɗaga motar a sabon tsayinta.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, tayoyin mota da ake samu a Najeriya kusan duk shigo da su ake yi. Tsadar manyan tayoyi sababbi tana tura mutane ga na gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Zane mai kyau ba ya nuna ƙuruciyar taya, domin roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. A gefen kowace taya da aka ƙera daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na 2019. Manyan kamfanonin taya suna ba da shawarar a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai biyar, a kuma ajiye ta in ta kai goma ko da zanenta bai cinye ba. Cikin na gwanjo akwai tayoyin hunturu na Turai, masu hoton tsauni da ƙanƙara a gefe. Zanensu mai zurfi yana sa a ɗauka na daji ne, alhali robarsu mai laushi an haɗa ta ne don sanyi, kuma a kwaltar Kano da rana tsaka cinyewa take yi da wuri. Mai saye a Ƙofar Ruwa ko wata kasuwa yana buƙatar ya juya tayar ya leƙa cikinta, ya nemi tsohon faci a gefe, ƙari, da tsagewar bakin da ke zama a kan rim.