Aji a cikin salula: ina ribar mai biyan keredi?

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, kukan iyaye mata ɗaya ne: yaron da ke jami'a ya rage tambayar kuɗin littafi, sai na keredi. Yau jika, jibi jika biyu, wai duk na karatu. Gaskiya ne, ko dai mun zama saniyar tatsa?

Akwai gaskiya a ciki. Tun a 2002 wani ɗan Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fito da Moodle, tsarin da jami'o'i da yawa a duniya ke koyarwa da shi ta intanet. A nan gida, da yawanmu sai a 2020 muka fara jin labarin irin wannan karatu, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu.

Ga yadda abin yake. Malami ya saka darasi, ya aza tambaya, ya yanke ranar ƙarshe. Kowane ɗalibi ya shiga da sunansa da lambar sirri, ya rubuta amsarsa, ya karanta ta abokansa, ya yi musu gyara ko gardama da hujja. Komi na nan rubuce, da ranarsa da sa'arsa, kamar littafin bashin mai shago. Wasu malamai ma da shi suke ba da maki.

Ribar a fili take. Ɗiya mai kunyar ɗaga hannu gaban maza ta samu bakin magana. Yaron da ya wuni yana tsaron rumfar uwarsa yana iya ba da amsarsa da dare. Amma in kuran ta ɗauke ko rezo ya tsinke, ranar ƙarshe ba ta jiran kowa. Akwai kuma malalata masu kwafe amsar wani.

Abin da ya kamata mu sani shi ne, rubutu ba ya shan keredi kamar bidiyo. In jika ta ƙare a wuni guda, a tambayi inda ta shiga. Hajiya, ki ce ya buɗe miki ajin. Ba sai kin iya faransanci ba: ƙanensa ɗan lakwal ya isa ya karanto miki sunan malami, da sunan yaron, da ranar da ya yi rubutu na ƙarshe.

Ba mu ba dillali kaya mu kau da kai. Kuɗin karatun ƴaƴanmu ma jari ne, mu riƙa bin sawunsa.