Baƙon Da Ba A Yi Wa Shimfiɗa: Ɗaliban Magarya Da Dungas A Makarantun Najeriya

Tun da Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasar Nijar ranar 26 ga Maris 2025, wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, wasu iyaye a Magarya da Dungas suka ɗauka an gama magana: yaro ya ɗauki jakarsa ya tafi sakandare a Daura, Ɓaɓura ko Maigatari, ai duk gida ne. A kasuwa gida ne. A cikin aji kuwa, da sauran rina a kaba.

Tsarin karatun ƙasashen biyu bai yi kama ba. A Nijar shekara 4 ake yi a kwaleji kafin BEPC, sai 3 a lise kafin BAC, makin kuma bisa 20 ne. A Najeriya 3 da 3 ne, ƙarshenta WAEC ko NECO, sakamako daga A1 zuwa F9. Yaron da ya saba fin sa'o'insa a lissafi yakan zauna shiru wata da watanni, ba don ya manta lissafin ba, sai don bai gane tambayar da aka yi da Ingilishi ba. Sau da yawa a mayar da shi aji na baya, ga tsokanar 'yan aji da ke dariyar Hausarsa ta Damagaram.

Abin mamaki, idan aka ce musayar ɗalibai, hankali Amurka yake tafiya. Shirin YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, ya riƙa ɗaukar 'yan sakandare daga ƙasashe irin su Najeriya, Mali da Senegal su yi shekarar karatu a can. Kafin su tashi ana yi musu bita, in sun sauka akwai gidan da zai riƙe su da jami'in da zai riƙa leƙa su. Ɗan Dungas da ya tsallaka Maigatari fa? Kawu ko gwaggo kawai, in an yi sa'a.

Alhali wannan yanki ya san tafiya neman ilimi tun kafin a san boko. Magarya tsohuwar ƙasar Daura ce, Dungas kuwa ta Sosebaki, tare da Washa da Mirya. Layin da ya raba su da 'yan'uwansu na kudu, Ingila da Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kansa a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, sannan tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi ta kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Duk wannan bai hana almajiri ɗaukar allonsa bayan kaka ya nufi Kano ko gabas ba. Kuma tsangaya, duk da zagin da take sha yau, tana da dabarar karɓar baƙo: malam ya saurari karatunsa, ya ga inda ya tsaya, ya ɗora masa daga nan. Babu mai cewa ya koma farko don ya fito daga wata ƙasa. Makarantar gwamnati, mai ofisoshi da hatimi, ita ce ta kasa yin haka.

Rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024, ya nuna yadda karatun waɗannan yara ke rataye a zare. Yanzu kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO (ECOWAS) tun Janairun 2025.

To, hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, da aka kafa a 1971 mai ofis a Yamai, me take jira? Takarda guda ce za ta fayyace ajin da mai BEPC zai shiga a Jigawa ko Katsina, da ajin da mai takardar JSS 3 zai shiga a Magarya. Su ma iyaye, a daina tura yaro tsakiyar zango. A Najeriya a Satumba ake komawa makaranta, a Nijar sai Oktoba. Watannin hutun damina sun isa a nema masa mai koya masa Ingilishi kafin ya tsallaka.