Kwamfuta Ɗaya, Mutum Ashirin: Tsofaffin Minikwamfuta, Yadda Ake Tashinsu, Da Amfaninsu A Wuri Irin Tsamaye

A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Sabon Birni da Isa. Daga Tsamaye har cikin garin Sabon Birni waya ta koma agogo da tocila. Masu POS suka naɗe tabarma, duk wata manhaja da ba ta motsi sai da intanet ta tsaya cik. Abin da ya fito fili a lokacin shi ne, kusan duk fasahar da ke hannun mutane a yau an gina ta ne bisa zaton cewa sabis ba ya yankewa.

Akwai wani tsari da ya girmi intanet ɗin da aka sani, wanda aka yi shi don mutane da yawa su yi aiki tare a cikin gini ɗaya ba tare da jiran kowa daga waje ba. Shi ne tsarin minikwamfuta.

Kar sunan ya ruɗi mai karatu. An kira ta "mini" ne don an gwada ta da manyan kwamfutocin da ke cika ɗaki guda, amma da yawansu sun kai girman firiji. Kamfanin DEC na Amurka ne ya buɗe wannan kasuwa sosai da PDP-8 a 1965, sai PDP-11 a 1970, sai VAX-11/780 a 1977. A kan PDP-11 babbar manhajar Unix ta yi ƙuruciyarta, a nan kuma aka raini yaren C, wanda har gobe shi ke ƙarƙashin Linux da Android. IBM ya fito da System/36 a 1983, sannan AS/400 a 1988, wadda bankuna da manyan kamfanoni suka runguma. Akwai kuma Wang VS, da HP 3000, da Alpha Micro mai babbar manhajar AMOS, wadda ƙananan ofisoshi da asibitoci suka fi saye. A Najeriya, IBM ya buɗe cibiyar koyar da kwamfuta a Jami'ar Ibadan a 1963, kuma cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, ita ma 'yar wancan zamanin ce da ake ajiye na'ura ɗaya kowa ya zo gare ta.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Uwar na'ura tana ɗaki ɗaya, ita ke da ƙwaƙwalwa da rumbun ajiya. A kan kowane tebur kuma akwai taminal, wato sikirin da kibod kawai, ba ya ajiye komai, ba ya lissafa komai. Mai aiki ya danna harafi, harafin ya bi kebul zuwa uwar na'ura, ta sarrafa, ta maido da amsa. Tana zagaya masu aikin ne da sauri, kowa ta ba shi ɗan ƙanƙanin lokaci, har kowa ya ɗauka shi kaɗai take yi wa hidima. PDP-11/70 ba ta wuce megabait 4 na ƙwaƙwalwa, wanda hoto ɗaya na wayar zamani kan iya cinyewa, amma tana ɗaukar gomman mutane a lokaci guda, domin rubutu zalla take aikawa.

Idan irin wannan na'ura ta faɗo hannun mutum, ko a sito na wata ma'aikata ko a kayan gwanjo, babban kuskuren da ake yi shi ne a jona ta a wuta don a ga ko tana yi. Na'urar da ta shekara ashirin a ajiye ba a tashinta da gaggawa. Abu na farko a duba bayanta: wutar Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce, ta Amurka kuma 110 zuwa 120, kuma yawancin tsofaffin akwatunan wuta ba sa daidaita kansu, wani ɗan makunni ake turawa da hannu. Wanda ya manta da shi zai ji ƙara ya ga hayaƙi, shi ke nan.

Sai a buɗe a duba kafasitoci. Akwai wasu masu launin ruwan zuma na kamfanin RIFA da ake sakawa a mashigar wuta. Idan sun tsufa jikinsu yakan tsattsage, danshi ya shiga, su fashe da hayaƙi mai wari bayan 'yan mintoci da kunnawa. Ba su da tsada, gara a canza su tun kafin a kunna. Manyan kafasitoci masu siffar gwangwani kuma, duk wanda ya kumbura ko ya yi yoyo ya tashi aiki. Haka ƙaramin batirin da ke riƙe agogo da saitin na'ura: irin na NiCd yakan zubo da wani abu fari ko kore da ke cin layukan tagulla na allo, kuma sau da yawa shi ne ke kashe na'urar da ba ta da wata cuta. Wanda ya san aikin yakan cire alluna da rumbun ajiya, ya gwada akwatin wuta daban da ɗan kaya a kansa, ya auna da mita ya ga layin 5 da na 12 sun tsaya daidai, sannan ya mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Akwatin wuta kuma yana riƙe caji ko bayan an zare filogi, don haka ba wurin koyon gyara ba ne.

A gabashin Sakkwato akwai ƙarin abokan gaba biyu, ƙurar hunturu da zafin bazara da ke haura digiri 40. An yi waɗannan na'urori ne don ɗaki mai sanyi. Fanka ɗaya ta tsaya, na'urar za ta riƙa maƙalewa da rana ta dawo daidai da dare, mai gyara ya yi ta zargin manhaja alhali laifin zafi ne.

Idan wuta ta kama lafiya, saura a ji me na'urar ke cewa. Yawancinsu ba su da wurin jona sikirin na zamani, ta mashigar siriyal ta RS-232 suke magana. Ba sai an nemo taminal na asali irin VT100 ba. Laftof, da kebul mai juya USB zuwa siriyal, da manhaja irin PuTTY ko minicom sun isa. Saitin da aka fi samu shi ne gudun 9600, bit 8, babu fariti, bit ɗaya na tsayawa. Idan sikirin ya cika da haruffan shirme, alama ce mai kyau: na'urar tana raye, gudun ne bai zo ɗaya ba, sai a gwada 19200 ko 4800 ko 2400. Idan kuma shiru ne gaba ɗaya, a fara zargin kebul. Kwamfuta biyu da ke magana kai tsaye suna bukatar kebul mai gicciye, wanda waya mai aikawa ta wannan gefen ke shiga mai karɓa ta wancan. A nan mutane ke faɗawa rami, domin a kan mai baki 25 lamba 2 ce mai aikawa, 3 mai karɓa, amma a kan mai baki 9 akasin haka ne. Wani abin dariya kuma da ya sha wahalar da sababbin shiga: danna Ctrl da S yana daskarar da taminal, Ctrl da Q ke sake shi. An sha kwance na'ura a kan wannan.

MicroVAX idan ta tashi takan nuna alamar >>> tana jiran umarni. AS/400 kuwa tana da ɗan allo a gabanta mai nuna lambobin da ke faɗin inda ta tsaya, kuma taminal ɗinta na daban ne, samfurin 5250 mai kebul mai kauri da ake kira twinax, ba ya jin yaren siriyal.

Rumbun ajiya shi ya kamata a fi ji wa tsoro, domin shi ne abin da ba a sayowa a kasuwa. Idan akwai bayanan albashi ko na marasa lafiya ko na filaye a ciki, duk kunnawa ɗaya tana iya zama ta ƙarshe. Da zarar ya juya, a kwafe shi baki ɗaya kafin a yi komai. Idan na SCSI ne, akwai ƙananan alluna irin BlueSCSI da ZuluSCSI da ke maye gurbinsa da katin SD. Kaset ɗin ajiya ma ba abin dogaro ba ne, robar da ke jan tef takan narke ta zama kamar kwalta ta ɓata shi.

Haɗa ta da sauran kwamfutoci ya danganta da shekarunta. Mai mashiga mai baki 15 da ake kira AUI tana bukatar ɗan akwati mai juya ta zuwa kebul ɗin Ethernet da aka saba. Mai zagayayyen baki na BNC kuma kebul irin na eriya take amfani da shi, kuma dole a toshe ƙarshensa biyu da marfi mai om 50, in ba haka ba duk layin ya mutu. Gudunsu megabit 10 ne, wasu sababbin suwic ba sa jituwa da shi. Wadda ba ta da Ethernet sam, sai a jona siriyal ɗinta da Raspberry Pi a riƙa shiga ta nan. Abu ɗaya da bai kamata a yi ba shi ne buɗe ta ga intanet kai tsaye: Telnet yana aika kalmar sirri a fili, kowa na iya karantawa.

Maganar inda ake samu gajeriya ce. A Beirut Road da ke Kano ko Computer Village da ke Ikeja a Legas za a samu kebul da suwic da tsofaffin sabar, amma minikwamfuta sai dace. Kayan gyaranta a eBay suke, kuma kuɗin dako kan fi kuɗin kayan. Kafin a biya, a nemi hoton na'urar a kunne, a tambayi kaset ko faifan babbar manhaja da lasisi, musamman AS/400 wadda lasisinta ke ɗaure da lambar jikinta. Hukumar NESREA kuma tana ɗaukar kayan lantarkin da ba sa aiki a matsayin shara, shigo da su na iya jawo matsala a tashar ruwa.

To, shin makaranta ko asibiti a Tsamaye ya dace su nemi irin wannan na'ura? A'a. VAX-11/780 tana shan kilowat da dama, ba sola ko ƙaramin janareton da zai ɗauke ta cikin sauƙi, kuma mai gyaranta ba ya kusa. Wanda ke son koyo ko ceto tsohuwar manhaja, akwai SIMH, manhajar kyauta da Bob Supnik, tsohon injiniyan DEC, ya fara a shekarun 1990. Tana kwaikwayon PDP-11 da VAX a kan Raspberry Pi 4, wadda cajarta wat 15 ce kacal, kuma ta fi na asalin sauri.

Abin da ya dace a ɗauka shi ne tsarin. Kwamfuta ɗaya mai ƙarfi da Linux a ɗaki mai iska, suwic ɗaya, kebul ɗin Ethernet da ke kai mita 100, sai tsofaffin laftof ko ƙananan akwatunan NComputing a matsayin taminal. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa a kwamfuta gaba ɗaya, kuma ɗalibin da bai taɓa riƙe linzami ba yana shiga ɗakin ne da rabin faɗuwa. Da irin wannan haɗi ɗalibai ashirin za su yi gwaji a lokaci guda, a ɗora musu Wikipedia ta Hausa da ta Turanci ta manhajar Kiwix, ko da sabis ko babu. Raunin tsarin dai shi ne wanda yake da shi tun 1970: uwar na'ura ta faɗi, kowa ya faɗi. Shi ya sa batir da inbata sai a fara ba ta kafin kowa, a kuma riƙa kwafe rumbunta kowane mako a ajiye kwafin a wani ginin daban.