Idan Aka Taɓa Albashin Malam, Mai Shago Ma Sai Ya Ji

Duk lokacin da rayuwa ta yi tsada, akwai maganar da ke saurin samun karɓuwa a majalisun hira: wai ma'aikatan gwamnati 'yan tsiraru ne amma su ke lashe kaso mafi tsoka na kuɗin jiha, saboda haka a rage su, a zaftare alawus, a sauƙaƙa hanyar kora, abin da ya ragu a yi wa talaka aiki da shi. Manomin da bai taɓa karɓar albashi ba idan ya ji haka sai ya gyaɗa kai, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai kafin ya goyi baya, ya kamata ya lura da abin da ke faruwa a kasuwar garinsu duk ƙarshen wata.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina, waɗanda wakili ɗaya ke tsaya musu a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ƙasar noma ce da kiwo. Babu wata babbar masana'anta da ke ɗaukar dubban mutane. Kuɗin masara da dawa da waken soya da kaka suke zuwa, sau ɗaya a shekara, shi ma idan 'yan bindiga sun bari an shiga gona. Kuɗin da ke shigowa wata-wata ba tare da duba damina ba shi ne albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da na sakatariya, sai ɗan fanshon tsofaffi.

Ka roƙi mai shagon kayan masarufi ya buɗe maka littafin bashinsa. Kowane shafi da mai shi: Malam wane, shinkafa tiya uku, man gyaɗa kwalba biyu, sabulu, magi, an ja layi an tara. Ba don Malam ya fi kowa gaskiya ake ba shi ba, don an san ranar da zai biya ne. Ranar da alat ya shigo, layi ya miƙe a gaban mai POS, mai shago ya karɓi nasa ya tura wa dilansa na Funtuwa, tela ya samu, mahauci ya yanka babba, ɗan acaɓa ya yi sawu da yawa. Yaran da suka yi wa Malam noman farko a gonarsa ma ran nan ake sallamarsu. A jinkirta albashin nan mako biyu kawai, za ka ji kasuwa ta yi sanyi, kuma mafi yawan masu kukan ba su taɓa riƙe takardar kama aiki ba.

Rage wa ma'aikaci kariya ba sabon abu ba ne a Najeriya. A 1975, shekara ɗaya bayan ƙarin albashin kwamitin Udoji, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata sama da 10,000, wasu a rediyo suka ji sunansu. Jama'a sun yi tafi, don akwai ɓarayi da malalata a ciki. Amma waɗanda suka tsira sun ɗauki wani darasi na daban: aikin da ka ba shekara ashirin zai iya ƙarewa kafin azahar, don haka ka tara abin da za ka iya tun kana kan kujera. Masu nazarin aikin gwamnati da dama na ganin korar ta ƙara wa cin hancin da aka zo kashewa ƙarfi. A 1984 aka sake wani zagayen, har da dokar soja da ta hana wanda aka kora zuwa kotu. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya zo ya karya darajar albashin da ya rage. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da gida da mota da direba kuɗi a cikin albashi, aka sayar da kwatas, kuɗin kuma hauhawar farashi ta cinye.

Sai fansho. Dokar 2004 ta ce ma'aikaci ya riƙa tara wa kansa, aka gyara ta a 2014 ya zama ana cire masa kashi 8 cikin 100, mai ba shi aiki ya ƙara kashi 10. Tsarin yana da amfaninsa, tunda tsohon tsari ya bar tsofaffi suna faɗuwa a layi. Amma abin lura shi ne an cire sojoji da jami'an leƙen asiri daga cikinsa, kuma 'yan sanda masu ritaya sun sha yin zanga-zangar neman a fitar da su. Wanda ke da ƙarfin faɗa a ji ya fice, an bar marar ƙarfi.

Mutumin Sabuwa ba sai an ba shi labarin Kaduna ba, iyaka ɗaya ce tsakaninsu. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta sallami 21,780 da ta ce sun faɗi. A Afrilun 2021 ta sallami ma'aikatan ƙananan hukumomi kusan 4,000, abin da ya sa Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa ƙarƙashin Ayuba Wabba ta tsayar da jihar cak a watan Mayu, har wutar lantarki aka yanke. Gaskiya ce akwai malaman da ba su cancanci tsayawa gaban allo ba. Amma wa ya ɗauke su? 'Yan siyasar da suka raba guraben aiki kamar goron biki babu wanda aka kora a cikinsu. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

 A Katsina kuwa ragin a hankali yake tafiya, shi ya sa ba a cika kiransa ragi ba. Hanya ta farko ita ce ɗaukar aikin wucin gadi: mutum ya yi aikin malami ko na asibiti cikakke, amma babu fansho, babu ƙarin girma, babu tabbacin gobe. Shirin ɗaukar matasa aiki na tarayya, N-Power, ya fara a 2016 da naira 30,000 a wata, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kawo na jiha, S-Power. Ka shiga wani asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, wadda za ka tarar tana karɓar haihuwa da fitilar waya sau da yawa 'yar sa-kai ce ko ta wucin gadi, ta shekara da shekaru tana jiran a tabbatar da ita. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 aiki na dindindin a 2023, da yawansu daga S-Power, kuma wannan abin a yaba ne. Ya kuma nuna cewa tun farko gurbin na dindindin ne, an dai cike shi da araha.

Hanya ta biyu, faɗuwar darajar albashi, ba ta buƙatar sa hannun kowa. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka amince da shi a 2019 ya haura dala 80 a lokacin. Naira 70,000 na 2024, bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira, bai kai dala 50 ba. A takarda an ninka, a kasuwa an rage. Ta uku ita ce jinkirin garatuti: tsoho ya gama shekara 35 yana aiki, ya riƙa yawo da fayil a leda daga tantancewa zuwa tantancewa, wani har ya rasu magada su ci gaba da bi. Sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a riƙa duba fanshon jiha duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Ka tambayi tsofaffin unguwarku yaushe rabon da nasu ya motsa.

A wannan yanki kuwa maganar ta wuce ta aljihu. Tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, kowa ya san makaranta ma ba mafaka ba ce. A 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, sai ma'aikaci ya yi tafiya ya nemi sabis kafin ya san ko albashinsa ya shiga. Me zai zaunar da malami ko malamin asibiti a ƙauyen bakin daji, inda kowa ya san yana ɗaukar albashi kuma ana iya neman kuɗin fansa a kansa? Tabbacin aiki ne, da sanin cewa idan ya faɗi iyalinsa za su karɓi haƙƙinsa. A cire wannan, mai takarda mai kyau ya tattara ya koma Funtuwa ko Katsina ko Zariya, 'ya'yan manomi su zauna da aji babu malami.

Ma'aikacin da ba na gwamnati ba ma da ma'aunin gwamnati ake auna shi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su da takarda da kowa, kuma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Malamar makarantar kuɗi idan ta nemi ƙari, amsar da mai makaranta ke ba ta ita ce, "Ke Malama, ita kanta gwamnati nawa take ba 'yan wucin gadi?" Idan kuma aka sallami ma'aikata ɗari, ba ɓacewa suke yi ba. Babur suke saya ko su kafa teburin POS ko su buɗe ɗan shago, su raba cinikin da tun farko bai ishi masu yinsa ba.

Akwai kuma amfanin da ba a gani. Akantan da ya san ba a iya korarsa sai an ba shi takardar tuhuma an kafa kwamiti, yana iya ce wa ciyaman, "Ranka ya daɗe, wannan baucar ba zan sa mata hannu ba." Na wucin gadi ba ya iyawa.

Ba cewa nake yi babu ɓaraka ba. Ma'aikatan bogi suna nan, haka waɗanda sakatariya ba ta ganinsu sai ranar tantancewa. Amma waɗannan suna da suna da lambar asusu, ana iya kamo su ɗaya bayan ɗaya tare da wanda ya cusa su. Idan ragi ake so, akwai inda kitsen yake. Misali, a Nuwamba 2019 majalisar Zamfara ta soke dokar da ke ba tsofaffin gwamnoni kuɗin kula da kai, bayan tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta wasiƙa yana neman naira miliyan 10 da ya ce ana biyansa duk wata.

Abin da ya kamata mutanen yankin su sa wa ido yanzu shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana ɗar-ɗar da barin albashin firamare a hannun ƙananan hukumomi, domin ta tuna farkon shekarun 1990, lokacin da aka gwada haka malamai suka yi watanni ba a biya su ba. Duk mai neman kujerar ciyaman a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, a tambaye shi a bainar jama'a: idan kuɗin wata suka zo ba su kai ba, albashin malamai zai fara biya ko 'yan kwangila?