Man fetur da ruwan rijiya

Darasinmu na yau a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ne.

A ƙasar Amurka, a shekarar 1979, aka fara zuba wani sinadari cikin man fetur. Sunansa MTBE. Yana sa mai ya ƙone da kyau, hayaƙin mota ya ragu.

Amma gidajen mai suna ajiye fetur cikin manyan tankuna da aka binne. In tanki ya tsufa, sai ya riƙa yoyo. Shi ko sinadarin nan yana narkewa cikin ruwa, ya bi shi, ya yi nisa. Ɗan kaɗan ya isa ya ɓata ɗanɗanon ruwa.

A 1996, garin Santa Monika, cikin jihar Kaliforniya, ya rufe rijiyoyin da ke ba shi wajen rabin ruwan sha. Dole aka koma sayen ruwa. A 2004, jihar ta hana zuba MTBE cikin fetur. Aka maye gurbinsa da etanol, wanda ake yi da masara.

Ƴan uwa, fetur ɗin da ya zube ƙasa yana iya kaiwa rijiya. Kada mu ajiye duro ko kwalaben fetur kusa da ita. In ruwa ya yi warin mai, mu daina sha, mu sanar da ma'aikatan lafiya.